Jawabin Biya Na 2011 Da Dabarun Yaƙin Zaɓensa: Yadda Lissafin Yake Daga Briqueterie

Ranar Alhamis 15 ga watan Satumba na shekarar 2011, Shugaban ƙasar Kamaru Paul Biya ya tsaya a gaban wakilan jam'iyyarsa ta RDPC a babban zauren taro na Palais des Congrès da ke bisa tudun Nkol-Nyada a Yawunde, inda ya gabatar da jawabin buɗe babban taron jam'iyyar karo na uku. A wannan jawabi ne ya shaida wa jama'a cewa manyan burace-buracen da ya yi yaƙin zaɓen 2004 da su za su rikiɗe su zama manyan ayyuka, kuma daga watan Janairun 2012 za a mayar da Kamaru baki ɗayanta wani makeken filin gine-gine. A lokacin yana da shekara 78 a duniya, ya shekara kusan 29 a kan mulki, saura kwana 24 a jefa ƙuri'a.

Abin da ya sa muka waiwayi wannan jawabi shi ne, har aka yi zaɓen 2018 da na 2025 jam'iyyar RDPC ba ta sake kiran babban taro ba. Ke nan shi ne karo na ƙarshe, kafin waɗancan zaɓuka biyu, da ɗan takarar ya tsaya gaban wakilan jam'iyyarsa ya zayyana abin da zai yi. Hausawa na cewa alkawari kaya ne. Tun da an samu shekaru goma sha huɗu tsakanin ranar da aka ɗauki kayan da zaɓen 2025, ya kamata mu duba mu ga nawa aka sauke, nawa ya zube a hanya, sannan mu duba dabarar da ta riƙa kawo nasara a akwati ko an sauke ko ba a sauke ba.

Unguwar da ke gindin tudu

Daga tudun da aka yi jawabin zuwa unguwar Briqueterie tafiyar 'yan mintoci ce a mota, kuma dukkansu suna cikin ƙaramar hukumar Yawunde ta biyu. Asalin sunan wurin Ekoudou ne, sunan Briqueterie kuwa ya samo asali ne daga masana'antar bulo da aka kafa a wurin zamanin Turawa. Nan ne zangon Hausawa da Fulani da Barebari da Kotoko da sauran Musulmi 'yan kasuwa na babban birnin, har da baƙi daga Nijar da Nijeriya da Mali da Senegal. Duk wanda ya san Yawunde ya san cewa idan ana neman tsire mai kyau, ko kilishi, ko shadda, ko telan da zai yi wa babbar riga aiki, to Briqueterie ake nufa.

Muhimmancin unguwar a siyasa ya fi yawan ƙuri'unta. Mutumin Briqueterie ƙafarsa ɗaya tana Yawunde, ɗayar tana Ngaundare ko Garwa ko Marwa ko Kuseri. Shi ne ke hawa jirgin ƙasa na dare zuwa Ngaundare, daga nan ya shiga mota ya nausa Arewa, shi ne kuma ake bugo wa waya daga gida idan gero ya yi tsada ko ambaliya ta ci gona. Saboda haka yana ganin gwamnati ta fuska biyu: yadda take a babban birni, da yadda take a jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, waɗanda suke da kusan kashi ɗaya cikin uku na masu rajistar zaɓe a ƙasar. Ga shi kuma ya ga aikin gwamnati a ƙofar gidansa, domin katafaren zauren wasanni da 'yan China suka gina a Warda, wanda aka buɗe a 2009, yana maƙwabtaka da unguwar, kamar yadda rusau ɗin da hukumar birni ta yi a ƙarshen shekarun 2000 ƙarƙashin Gilbert Tsimi Evouna ya raba talakawa da yawa na Yawunde da matsugunansu.

Taron da aka yi bayan an gama magana

Abu na farko da mai karatu zai lura da shi shi ne, taron 2011 bai zaɓi ɗan takara ba. Tun ranar 4 ga Satumba, kwana goma sha ɗaya kafin taron, an riga an miƙa takardun takarar Biya ga hukumar zaɓe ta ELECAM. Dokar jam'iyyar ta tanadi cewa shugabanta na ƙasa shi ne ɗan takararta na shugaban ƙasa, don haka abin da wakilai suka yi shi ne sabunta masa shugabancin jam'iyya. Wani tsohon minista mai suna René Zé Nguélé ya fito ya ce zai kara da shi, amma abin da ya samu bai taka kara ya karya ba.

A ƙasashe irin su Amurka, ko ma maƙwabciya Nijeriya, ɗan takara kan zo babban taro yana da abokan hamayya na cikin gida da zai lallasa, jawabinsa kuma na ɗinke ɓaraka ne da neman sababbin magoya baya. A Yawunde ba haka abin yake ba. Kafin wannan taro, rabon jam'iyyar da babban taro na ƙa'ida tun watan Disamban 1996, shekara goma sha biyar ke nan, sai dai taruka na musamman da aka yi a 2001 da 2006. An kuma shafe watanni ana tattara takardun goyon baya daga sarakuna da manyan ma'aikata da 'yan boko na kowace gunduma, har aka buga su littafi-littafi da sunan kiran al'umma. Manufar a fili take: a nuna cewa shi bai nema ba, jama'a ne suka roƙe shi. Taken da aka manna a allunan talla na wannan shekara ma shi ne cewa shi ne zaɓin al'umma.

To su wa aka yi wa jawabin? A ganinmu mutum uku ne. Na farko 'yan jam'iyya masu hangen kujerar, domin su san babu gurbi. Na biyu matasa, domin idan ba a manta ba, a watan Fabrairun 2008 an yi tarzoma a Duwala da Yawunde da wasu garuruwa kan tsadar mai da abinci da kuma shirin gyara tsarin mulki, inda gwamnati ta ce mutum 40 suka mutu, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuma suka ce sun haura ɗari. A watan Afrilun wannan shekara majalisa ta cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa, abin da ya ba Biya damar tsayawa a 2011. Na uku kuwa ƙasashen waje, domin a shekarar 2011 ce guguwa ta yi awon gaba da Ben Ali na Tunisiya da Mubarak na Masar, aka kama Laurent Gbagbo a Abijan, Gaddafi kuma ya bar Tarabulus.

Abin da jawabin ya ƙunsa

Idan aka tace jawabin za a ga ginshiƙai uku. Akwai zaman lafiya, wanda shi ne jarin da Biya ya fi tinƙaho da shi tun hawansa mulki ranar 6 ga Nuwamban 1982. Akwai manyan ayyuka na wutar lantarki da tashar jiragen ruwa da hanyoyi da noma, waɗanda aka ce su ne za su kai ƙasar sahun masu tasowa nan da shekarar 2035. Akwai kuma alwashin ci gaba da yaƙi da cin hanci ba sani ba sabo. A tsakiya ya yi wa 'yan adawa shaguɓe, ya kwatanta su da mutanen da ba su da sana'a sai suka da hangen masifa.

A matsayin jawabin neman zaɓe, dole mu yarda an tsara shi da wayo. Mutumin da ya shekara kusan talatin a kan mulki babbar matsalarsa ita ce tambayar me ka yi a baya. Jawabin ya kauce wa wannan tambaya ta hanyar mayar da shekarun baya lokacin share fage: an sha wahalar tsuke bakin aljihu, an samu yafiyar bashi a 2006, yanzu ne za a fara gini. Ya kuma ba da wata da shekara, Janairun 2012, abin da 'yan siyasa ba su cika yi ba. Rauninsa shi ne ya faɗi ranar farawa bai faɗi ranar gamawa ba, ya yi maganar kankare da ƙarfe fiye da maganar tukunya, sannan bai ce uffan ba game da wanda zai gaje shi, alhali wannan ita ce tambayar da ke bakin kowa a zauren da wajensa.

Abin da aka sauke

Gaskiya ɗaya ce, an yi gine-gine. Kwana ɗaya kafin zaɓe, ranar 8 ga Oktoban 2011, Biya ya aza harsashin tashar jiragen ruwa ta Kribi, kuma ta fara aiki a watan Maris na 2018. Tashar wutar lantarki mai amfani da iskar gas ta Kribi, mai ƙarfin megawat 216, ta fara aiki a 2013. An aza harsashin madatsun ruwa na Memve'ele da Lom Pangar a 2012, kuma dukkansu sun tabbata. An gina gada ta biyu a kan kogin Wouri a Duwala. Madatsar Nachtigal mai megawat 420 a kan kogin Sanaga ta kammala a 2025, aikin janyo ruwan sha daga Sanaga zuwa Yawunde kuma ya fara ba da ruwa a 2024. Duk wanda ya ce ba a yi komai ba, bai yi adalci ba.

Amma fa kowane ɗaya daga cikinsu ya zo a makare. An gama ginin Memve'ele a 2017, sai dai layin da zai kwaso wutar zuwa Yawunde ya ɗauki ƙarin shekaru, madatsa tana zaune jama'a suna cikin duhu. Tagwayen hanyar Yawunde zuwa Duwala da aka fara a 2014, bayan shekara bakwai kilomita 60 kacal aka samu. Shirin bunƙasa tattalin arziki na 2010 zuwa 2020 ya sa ran haɓakar kashi 5.5 cikin ɗari a kowace shekara, abin da aka samu bai kai kashi 5 ba. Yawancin ayyukan kuma da bashi aka yi su, musamman daga bankin China, har bashin ƙasa ya tashi daga ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara zuwa sama da kashi 40, ta koma hannun Asusun Lamuni na Duniya a 2017.

Sai mu zo kan abin da ya fi damun mutumin Briqueterie. Mai karatu ya sake duba jerin ayyukan da muka lissafa, zai ga babu ko ɗaya a jihohin Arewa uku. Har zuwa 2025 ba a haɗa layin wutar Arewa da na Kudu ba, Garwa da Marwa sun dogara ne ga madatsar Lagdo da aka gina tun zamanin Ahmadu Ahidjo, sai ƙananan tashoshin hasken rana da aka ƙara a Marwa da Gidar. Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri, wadda ita ce jijiyar cinikin Kamaru da Chadi, ta tsaya cik bayan 'yan Boko Haram sun sace ma'aikata goma 'yan China a Waza a watan Mayun 2014, ta kuma shafe shekaru tana cin motoci. Hanyar Ngaundare zuwa Garwa ita ma ta zama abin kuka ga direbobi. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna talauci ya sauka daga kashi 39.9 a 2007 zuwa kashi 37.5 a 2014, amma a Arewa Mai Nisa ya haura kashi 74 a wannan shekara ta 2014. Binciken da aka yi a 2021 zuwa 2022 ya samu kashi 37.7 a ƙasa baki ɗaya. Litar man fetur da ake saye sefa 569 a lokacin jawabin ta kai sefa 840 a watan Fabrairun 2024.

Game da cin hanci kuwa, an kama manya. Ranar 16 ga Afrilun 2012 aka tsare tsohon Firaminista Ephraim Inoni da Marafa Hamidou Yaya, ɗan Garwa, wanda shi ne ministan cikin gida lokacin zaɓen 2011, aka kuma yanke wa Marafa hukuncin shekara 25 a watan Satumban wannan shekara. Gwamnati ta ce shari'a ce kan kuɗin sayen jirgin shugaban ƙasa, shi da magoya bayansa suka ce laifinsa hangen kujera ne. Ko ma dai mene ne, 'yan Arewa da yawa sun karanta abin a matsayin gargaɗi.

Adalci ya sa mu ambaci abubuwan da mai jawabi bai hango ba: yaƙin Boko Haram da ya tsananta daga 2014, faɗuwar farashin ɗanyen mai a wannan shekara, da rikicin jihohi biyu masu magana da Ingilishi da ya ɓarke a ƙarshen 2016. Sai dai na ƙarshen nan ba daga sama ya faɗo ba, koke-koken lauyoyi da malamai ne da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Da wannan rikici ginshiƙin farko na jawabin, wato zaman lafiya, ya tsage.

Dabara mai ƙafa huɗu

Idan sakamakon ayyuka rabi da rabi ne, me ya sa ƙuri'a ba ta nuna haka ba a 2011 da 2018? Amsar tana cikin dabarar yaƙin zaɓe, wadda muka ga tana tsaye a kan ƙafa huɗu.

Ƙafa ta farko ita ce ƙarancin fita. Biya ba ya yawon gari-gari, ba ya muhawara da abokan takara, ba ya zama da 'yan jarida. Ministoci da manyan daraktoci ake turawa, kowa ya koma gundumarsa ya kawo ƙuri'a, kuma kowa ya san kujerarsa tana rataye da sakamakon garinsu. Shi kuwa yakan tsaya can sama kamar uba, ba ya shiga cacar baki.

Ta biyu ita ce Marwa. A 2011 can ya je ya buɗe yaƙin zaɓe a farkon Oktoba. A 2018 taron gangami ɗaya ya yi, ranar 29 ga Satumba, a Marwa. A 2025 ma ɗaya ya yi, ranar 7 ga Oktoba, a Marwa. Ruwa ba ya tsami banza. Arewa Mai Nisa na cikin jihohin da suka fi yawan masu zaɓe, kuma can ne mahaifar manyan dogaransa irin su Cavaye Yéguié Djibril, wanda ya hau shugabancin majalisar dokoki a 1992 ya kuma kai zaɓen 2025 a kan kujerar, da marigayi Amadou Ali.

Ta uku ita ce janyo shugabannin adawar Arewa cikin gwamnati. Darasin ya samo asali ne daga 1992. A zaɓen majalisa na watan Maris na wannan shekara RDPC ta samu kujera 88 cikin 180, UNDP ta Bello Bouba Maigari ta samu 68, sai da kujeru shida na jam'iyyar Dakolé Daïssala suka ceto gwamnati. A zaɓen shugaban ƙasa na Oktoba kuwa Biya ya samu kusan kashi 40, John Fru Ndi kusan kashi 36, Bello Bouba kashi 19. Lissafi mai sauƙi ya nuna cewa da Arewa da Yamma sun haɗa kai, da labari ya sha bamban. Daga nan aka shiga zawarci. Bello Bouba ya shiga gwamnati a ƙarshen 1997, ya kuma mara wa Biya baya a 2004 da 2011 da 2018. Issa Tchiroma Bakary, wanda ya yi shekaru a kurkuku bayan yunƙurin juyin mulkin 6 ga Afrilun 1984, ya zama ministan sadarwa a 2009, ya shekara kusan goma yana kare gwamnati a gaban duniya.

Ta huɗu ita ce tsarin zaɓen kansa. A Kamaru zagaye ɗaya ake yi, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci ko da bai kai rabi ba, kuma shugaban ƙasa ne ke naɗa 'yan hukumar zaɓe. A irin wannan tsari yawan 'yan takara alheri ne ga mai mulki, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2011 mutum 23 suka tsaya. Kotun ƙoli ta ba Biya kashi 77.99, Fru Ndi kashi 10.71, Garga Haman Adji ɗan Marwa kashi 3.21. A 2018 Biya ya samu kashi 71.28, Maurice Kamto kashi 14.23, shi kuma Kamto ya ce shi ya ci, aka tsare shi daga Janairu zuwa Oktoban 2019.

Ranar da ƙafa ɗaya ta karye

Zaɓen 12 ga Oktoban 2025 shi ya gwada ƙarfin wannan dabara. A cikin mako ɗaya na ƙarshen watan Yuni, Tchiroma ya ajiye muƙaminsa na ministan ayyukan yi da koyon sana'a ya ce zai tsaya takara, Bello Bouba shi ma ya bayyana takararsa a taron jam'iyyarsa a Yawunde ranar 28 ga wata. Biya, mai shekara 92, bai kira taron jam'iyya ba, sai ya sanar da takararsa ta shafin X ranar 13 ga Yuli, kamar yadda ya yi a rana irin ta a 2018. Hukumar zaɓe ta ƙi karɓar takarar Kamto, majalisar tsarin mulki kuma ta tabbatar da hakan a watan Agusta, mutum goma sha biyu suka rage.

Nan ma akwai darasi game da jawabi da dabara. Bello Bouba yana da tsohuwar jam'iyya mai rassa da kansiloli da 'yan majalisa, amma maganarsa ta kasance a sanyaye, jama'a da yawa ba su gamsu cewa ya rabu da gwamnati da gaske ba. Tchiroma kuwa jam'iyyarsa ta FSNC ƙarama ce, amma ya fitar da doguwar wasiƙa ga 'yan ƙasa yana cewa ƙasa ba ta zama don hidimar mutum ɗaya ba, ya kawo shawarar tsarin tarayya da gwamnatin riƙon ƙwarya ta 'yan shekaru, ya je Bamenda ya nemi gafara kan abin da ya riƙa faɗa yana minista. Ya kuma samu goyon bayan gamayyar su Anicet Ekane, abin da ya buɗe masa ƙofar Duwala da magoya bayan Kamto. Wato haɗin Arewa da Kudu da aka shekara talatin ana gudu, shi ya fara ƙulluwa. A ɓangaren gwamnati kuwa, an fara yaƙin zaɓe ɗan takara yana Turai, bidiyon tallan da aka fara fitarwa ma ya sha suka saboda an haɗa hotunansa da kwamfuta.

Ranar 27 ga Oktoba majalisar tsarin mulki ta ba Biya kashi 53.66, Tchiroma kashi 35.19, Cabral Libii kashi 3.41, Bello Bouba kashi 2.45. A alƙaluman hukuma ma Tchiroma ne ya zo na ɗaya a jihohin Adamawa da Arewa da Littoral. Shi dai ya ƙi amincewa, tun ranar 14 ga wata ya ce shi ya ci. An yi zanga-zanga a Garwa da Duwala da wasu garuruwa, an rasa rayuka, an kama mutane da yawa. An rantsar da Biya ranar 6 ga Nuwamba, Tchiroma ya samu mafaka a Gambiya, Anicet Ekane kuma ya rasu a tsare ranar 1 ga Disamba.

Ko da mutum ya ɗauki alƙaluman hukuma yadda suke, saƙon a bayyane yake. Daga kashi 78 a 2011 zuwa 71 a 2018 zuwa ƙasa da 54 a 2025, an yi asarar kashi 24 cikin shekara goma sha huɗu. Ƙafafu uku na dabarar suna nan, an yi ƙarancin fita, an je Marwa, an yi zagaye ɗaya da 'yan takara da yawa, kuma sun isa su riƙe kujera. Ƙafa ta uku da ta karye ta nuna cewa ƙuri'ar Arewa ba gadon kowa ba ce. Ta kuma nuna cewa sarakuna da ministoci na iya cika fili da jama'a, amma matashin da aka haifa bayan 1982, wanda ya yi karatu ya ƙare a kan babur ɗin haya, ba lalle ne ya bi umarninsu a cikin rumfar zaɓe ba.

Abin da ya rage a gare mu

Hukuncinmu game da jawabin 2011 shi ne ya yi aikin da aka tsara shi ya yi, ya kwantar da jam'iyya, ya ba ɗan takara sabon take, ya kai shi ga nasara. A matsayin yarjejeniya da talaka kuwa, an biya wani sashe a makare, an bar sashen Arewa a baya, kuma babu wani dandali na jam'iyya da aka dawo aka yi wa wakilai bayani. Jam'iyyar da dokarta ta tanadi babban taro duk shekara biyar, ta kuma yi shekara goma sha huɗu ba ta yi ba, ta hana kanta jin gaskiya daga 'ya'yanta, sai ta ji ta a akwati da kan titi.

'Yan adawa ma suna da nasu. A 1992 da 2025 rarrabuwar kai ta taimaki mai mulki, kuma har yanzu hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake son ya tabbatar wa duniya cewa shi ya ci zaɓe, sai ya tanadi wakili a kowace rumfa da zai fito da takardar sakamako mai sa hannu, wannan kuwa aikin shekaru ne.

Ga jama'armu na Briqueterie da sauran zangon Hausawa na Kamaru, shawararmu ita ce a daina auna ɗan takara da yawan atamfa da buhun shinkafar da aka raba. Idan ya yi jawabi, a tambaye shi abu uku: yaushe za a gama, da kuɗin wa za a yi, kuma wane ne za a kama idan ba a yi ba. A tambaye shi hanyar Kuseri, da wutar Garwa, da ruwan famfo da magudanun ruwa na unguwa. A kuma tabbata kowane baligi ya mallaki katin ɗan ƙasa da katin zaɓe, domin wanda ba ya cikin rajista ba a sa shi a lissafi. Malamai da masu unguwanni da shugabannin 'yan kasuwa da ake gayyata sa hannu a takardun goyon baya su tuna cewa amanar jama'a ce a wuyansu. Allah Ya zaunar da Kamaru lafiya, Ya ba ta shugabanni masu cika alkawari.